Laifin mai sharhi ne ko na masu shirya gasa? Ku ji abin da ya same ni ran Asabar

Dan_TudunWada:
Salamu alaikum 'yan gida. Ina da magana kuma don Allah a ba ni amsa tsakani da Allah, kar a rufa min baya don ana sanina. Ran Asabar da ta wuce munka yi 'yar gasar Free Fire, wasan harbi na waya, nan Gusau, ƙungiya 12 kowace mutum huɗu, mutum 48 ke nan, anka kafa rumfa anka jera bencina anka ɗauko majigi ana haska wasan ga bango. Ni anka miƙa wa makirfo in yi sharhi da Hausa don ina ɗan taɓawa in ana buga eFootball, gem ɗin ƙwallon ƙafa, a shagon unguwarmu, amma na harbi wannan shi ne karona na farko.

Wasa na huɗu, taswirar Bermuda, da'irar da ke taƙaita filin wasa ta matse saura ƙungiya uku. Ni ina kallon allon 'yan kallo, shi kuwa allon nan babu wanda yake ɓoye maka, sai na hango wani yaro shi kaɗai ya rage cikin ƙungiyarsu jininshi saura ƙiris, ya lallaɓo ta bayan wani gida. Wallahi daɗi ne ya ɗebe ni na ce "kai jama'a ku dubi wanga yaro, ya zagayo masu ta baya ba su sani ba!" Lasifika kuwa tana rataye bisa kan 'yan wasan. Ban rufe baki ba mutum biyu sunka juyo lokaci guda sunka kwantar da shi. Yaron ya aje waya ya taso idonshi jajir yana cewa an saye ni, abokanshi suna riƙe shi, anka yi ta hayaniya har kusan magariba. Masu gasa sunka ce ba a sake wasan. Har yau in mun haɗu ba ya amsa gaisuwata.

To tambayata, mi ne ne aikin mai sharhi in ba faɗin abin da ya gani ba? In na yi shiru a ce ban iya ba, in na yi magana a ce na tona asiri. Wa ke da laifi?

Zakin_Kaura:
Kai ne da laifi mutumina, ba wani kwana-kwana. Ni da ni ne yaron nan da makirfon ma sai an sayi sabo.

Abba_Gola:
Haba Zaki, wane irin hukunci ne wannan tun ba a ji ta bakin kowa ba. Wanda ya ɗaura lasifika bisa kan 'yan wasa shi ne babban mai laifi. Ka ba mutum makirfo ka ce ya yi surutu sannan ka kai bakinshi cikin kunnen masu wasa, me kake jira ya faru?

Kawu_Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ɗana, abin da ya same ka tsohuwar matsala ce, ba a kanka aka fara ba. Tun zamanin da ake nuna wasan kwamfuta na StarCraft a talabijin a Koriya ta Kudu, wajen shekarar 2000, sun gane cewa ɗan wasa bai kamata ya ji mai sharhi ko ihun 'yan kallo ba, shi ya sa suke saka kowane ɗan wasa cikin wani ɗan ɗaki na gilashi da sauti ba ya shiga. Babbar gasar Dota 2 ma shekaru da yawa haka suka yi, ƙungiya guda cikin ɗaki guda a rufe. Inda babu ɗakin kuma sai a sa wa ɗan wasa iyafis na ciki wanda yake jin wasan da shi, a ɗora masa wani babba a sama wanda ke toshe ƙarar waje, wani lokaci har da wani shuuu da ake kunna masa a ciki don kada kalma ɗaya ta ratsa. Duk wannan kashe kuɗin saboda abu ɗaya ne, allon 'yan kallo yana nuna abin da ɗan wasa bai gani ba. A Counter-Strike har ta cikin bango 'yan kallo ke ganin mutum, shi ya sa ko ihun jama'a kaɗai yana iya gaya wa ɗan wasa cewa akwai wani kusa da shi.

Ƙwallon ƙafa na gaske ba shi da wannan damuwar, don abin da mai sharhi ya gani shi ɗan wasa ma ya gani. Kai ka taho da dabi'ar ƙwallo ka shigo wasan ɓuya.

Dan_TudunWada:
Kawu na gode, wannan maganar ta ƙarshe ta shige ni. A eFootball kome na faɗa ba ya canza komi, ko na ce gola ya fito ai mai riƙe da hannun yana gani.

Zakin_Kaura:
To ai shi na faɗa. Mutum ya san wasan ɓuya ne ya buɗe baki. Ko wasan ɓuya na yara a tsakar gida in ka nuna inda ɗan'uwanka ya laɓe ai duka za ka sha.

MaiShagonGem:
Ni dai bari in faɗi ta masu shiryawa tunda kowa ya ɗora mana. Kawu yana maganar ɗakin gilashi, mu nan kuɗin man janareta ma sai an yi karo-karo. Na taɓa shirya irin wannan a shagona, abin da muka yi shi ne muka raba wuri, 'yan wasa suna cikin shago an turo ƙofa, 'yan kallo da mai sharhi suna waje ƙarƙashin bishiya da talabijin. Ya yi aiki na wasa biyu. Wasa na uku zafi ya ishi na ciki, waya 48 da mutum 48 cikin ɗaki ɗaya a watan Afrilu a Gusau, fanka biyu kacal, wayoyin ma suka ɗau zafi suka fara sarƙewa, dole aka buɗe ƙofa. Ana buɗewa komai ya koma gidan jiya.

Yar_Gusau:
Me ya sa ba za a jinkirta hoton ba? Ni ina kallon masu yin kai tsaye a YouTube suna cewa sun sa jinkiri na minti kaza don kada abokan karawa su leƙa su ga inda suke. In allon ya makara da minti biyu, duk abin da mai sharhi ya faɗa ya riga ya wuce.

Kawu_Injiniya:
@Yar_Gusau 'yata kin kawo magana mai kyau, kuma haka ake yi in gasar ta intanet ce kowa yana gidansu. Manhajar OBS da yawancin masu watsawa ke amfani da ita kyauta ce kuma tana da wurin sa jinkirin. Sai dai in wuri ɗaya ake zaune abin ya kan koma abin dariya. Ƙungiya ta ci, yaran sun yi tsalle sun rungume juna suna ihu, shi kuma mai sharhi yana can yana cewa "ko wa zai ɗauki wannan wasa?" Jama'a sun riga sun ga amsa a bayansu.

Abba_Gola:
Hhhh wallahi irin gidan kallo biyu da ke maƙwabtaka, ɗaya hotonshi ya riga ɗaya, ka ji ihu daga can kai kuwa ƙwallo tana tsakiyar fili.

BaƙonMafara:
Ku bar batun lasifika tukuna, ni abin da ke damuna da sharhin wasan harbi da Hausa shi ne baki ba ya cim ma ido. Na gwada sau ɗaya a PUBG, ƙungiya 16, mutum 64 a taswirar Erangel, ina bayanin faɗan da ake yi a garin Pochinki na cikin wasan ashe ƙungiya biyu sun ƙare a wani gefen taswira ban ma sani ba sai da na ga sunayensu suna ta wucewa a gefen allo. Ƙwallo guda ɗaya ce a fili, ido ya bi ta shi ke nan. Nan kuwa faɗa huɗu ake yi lokaci ɗaya kuma kowanne cikin daƙiƙa biyar ya ƙare. Kafin ka ce "ya jefa masa gurneti ya kafa katanga ya ɗaga ɗan'uwansa" an riga an shafe su duka.

Ɗan_Kabi:
Sannunku mutanen Zamfara, daga Birnin Kebbi nike. @BaƙonMafara wanga abu da ka hwaɗi ba laihin bakinka ba ne, aikin mutum ukku kay yi kai ɗai. Manyan gasa suna da mutum na daban wanda aikinai kawai riƙon kyamara cikin wasan, shi ka zaɓen wane hwaɗa za a nuna, wani lokaci ma su da yawa ne da mai ba su umurni. Sannan masu magana biyu ne, guda na bin abin da ka faruwa da sauri da ɗaga murya, guda kuma in an lafa shi ka bayanin dalili, mi yas sa ƙungiya kaza tab bar tudu tak koma gida, wa ad da sauran magani, ina da'ira ta nuhwa. Mu nan sai a ba yaro guda waya guda da makirfo guda a ce ya yi kyamara ya yi ihu ya yi bayani ya kuma lissafa maki.

Dan_TudunWada:
Ɗan Kabi kamar kana wurin. Hannuna na dama na latsa allo ina canza wanda ake kallo, na hagu na riƙe makirfo, ga wani yaro a gefe yana ja min riga wai in faɗi makin ƙungiyar yayanshi. Lissafin ma ba sauƙi, na ɗaya maki 12, na biyu 9, kowane kisa maki 1, sai ka ga wanda bai taɓa cin wasa ko ɗaya ba yana saman tebur don yawan kisa, jama'a su ce magudi ne, kai ne kuma za ka yi masu bayani.

MalamNaBaya:
Ina karanta ku tun ɗazu. Akwai abin da babu wanda ya taɓo, kuma ni a wurina ya fi duk waɗannan girma. Ku tuna a ina kuke. Kun rataye lasifika a gari irin namu, ƙarar bindiga tana fita ta-ta-ta, wani yana ihu "ya kashe shi! ya harbe shi a ka! saura biyu!" Kwanakin baya a unguwarmu yara suka yi irin haka bayan isha'i, wata dattijuwa da ta taso daga ƙauye saboda abin da kowa ya sani ta kwashi jikokinta ta shige ƙarƙashin gado, sai da ɗanta ya fita ya dawo ya rantse mata cewa wasan waya ne. Washegari da mai unguwa ya kira yaran ba su da bakin magana. Ban ce a daina wasa ba, ni ma 'ya'yana suna yi. Amma mai riƙe da makirfo ya san kalmar da za ta fita daga bakinsa tana tsallake katanga, kuma bayan katangar akwai wanda ya ji ta gaske da kunnensa.

Yar_Gusau:
Allah sarki. Malam wallahi jikina ya yi sanyi. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Abba_Gola:
Amin. Gaskiya ban taɓa kawo wannan a raina ba.

BaƙonMafara:
Amin ya Allah. Amma Malam da wace kalma za mu maye gurbinta? A dambe ma ai kisa ake cewa, "ya yi kisa a turmin farko", kuma ba wanda ya taɓa gudu.

MalamNaBaya:
A dambe ana jin kalangu ne a bayan maganar, ɗana, ba ƙarar harsashi ba. Kunne ya san bambanci. Hausa ba ta yi talaucin da za a rasa kalma ba. Ya kayar da shi, ya kwantar da shi, ya sallame shi, ya tura shi gida, an yi waje da su. Shi kansa mai tambayar ai "kwantar" ya rubuta a sama bai lura ba. Kuma a rage ƙarar wasan a lasifika a bar muryar mutum.

Kawu_Injiniya:
Malam ya yi gaskiya, kuma ba mu kaɗai ba ne. A China ma PUBG ɗin da suke bugawa a waya tun 2019 an canza masa suna da fasali, wanda aka harba ba ya faɗuwa cikin jini, hannu yake ɗagawa ya yi bankwana. Dalilinsu daban da namu, amma dai ka ga ana iya sauya yadda ake faɗin abu wasan bai lalace ba.

Zakin_Kaura:
"Ya tura shi gida" ta yi min. Amma ni matsalata da masu sharhinmu rabin maganar ba Hausa ba ce ba Turanci ba. Ka ji mutum yana "ya nokin ɗinshi, za su rosh, zon ta shirinka". Babana ya zauna minti biyar ya tashi ya ce shi bai san yaren da ake ba.

Ɗan_Kabi:
To Zaki in an ce "ya durƙusar da shi, za su afka masu, da'ira ta tsuke" su kuma yaran su yi ma dariya su ce kana karanta labarun ƙarhe bakwai. Na gwada. Katangar ƙanƙarar nan ta Free Fire da ake kahwawa a ɓuya, duk yaro gulu ya ka ce mata, in kac ce katanga sai sun tsaya tunani. Ƙwallo ta samu shekaru masu yawa a rediyo shi yas sa ta samu bugun kusurwa da satar gida da bugun daga kai sai mai tsaron gida, mutane sunka ji sunka saba. Free Fire kuwa 2017 ta hito. Kalmominta ba su nuna ba tukuna, ɗanyu ne.

Yar_Gusau:
Ni ina ganin a haɗa. Wanda ya riga ya zauna a bakin yara kamar gulu da booyah, kalmar da ke fitowa in an ci wasa, a bar shi, wanda Hausa ke da shi mai daɗi a yi amfani da shi. "Sun afka masu" ai ya fi "sun rosh" ƙarfi nesa ba kusa ba. Kuma don Allah a daina zagi. Akwai wani mai yi a TikTok na daina kallonsa don duk wanda ya yi kuskure sai ya ambaci uwarsa, wai shi barkwanci. Ƙannena suna kallo tare da ni.

MaiShagonGem:
Hajiya zagin nan shi ke kawo masu 'yan kallo, abin takaicin ke nan. Amma a shagona na hana. Na taɓa kashe makirfo a tsakiyar wasa saboda wani ya ce wa yaro ɗan shekara 13 hannunsa kamar na kuturu. Yaron bai sake zuwa ba sai bayan wata biyu.

Sankiran_Zamani:
Ni jikan sankira ne, kakana a filin dambe da kokawa ya ci abinci har ya tsufa, kuma abin da nake gani kuna ta kallon Turawa alhali malaman sana'ar suna gidanku. Sankira ba ya faɗin kowane naushi. Ya san ɗan wane ne wannan, daga wane gari, wa ya kashe bara, wa ya taɓa kashe shi, ya yi masa kirari ya zuga shi jama'a su ɗau zafi, in an sa zare kuwa sai ya bar ido ya yi aikinsa. Da Dan_TudunWada ya san yaron nan, da lokacin da ya hango shi yana lallaɓawa sai ya kama wata maganar, ya ce ƙungiya kaza saura mutum ɗaya, ɗan Sabon Gari ne, shekaranjiya shi kaɗai ya tashi da mutum uku, kar a raina shi. Jama'a suna ganin allo da idonsu za su riƙe numfashi, 'yan wasa kuma ba su ji inda yake ba. Ka faɗi waye shi, kar ka faɗi ina yake. In ya gama aikinsa sai ka fasa ihun da ka tara.

Dan_TudunWada:
Kai! Ina ma na ji wannan kafin Asabar. Amma gaskiya ko sunayensu ban sani ba, sunan da ke allo kawai nike gani, shi ma wasu da alamomi da taurari da harafin da ba a iya karantawa, wani ma da rubutun Larabci a juye, wani sunanshi kalma ce da ba ni iya faɗi gaban manya. Sai dai in ce mai jar riga, alhali mutum shida ke da jar riga.

Abba_Gola:
Wannan kam laifin masu rajista ne. A tilasta kowa ya sa gajeren sunan ƙungiya a gaba sannan sunan da ake iya kira, a ba mai sharhi takarda tun kwana ɗaya kafin ranar.

Zakin_Kaura:
Dabarar Sankira ta yi, amma ba kullum za ta yi aiki ba. Da zarar ka fara yi wa mutum kirari ana saura ƙungiya uku ai duk mai hankali ya san yana kusa. Shirun ma magana ne. In mai surutu ya yi tsit kwatsam ni da nake wasa sai in juya baya.

Sankiran_Zamani:
To ai sai ka juya ɗin, amma ba ka san dama ko hagu ba. Da a ce maka "ta baya" da ka yi zargi ai ba ɗaya ba ne.

Kawu_Injiniya:
Maganar Sankira ta tuna min da wani ɗan bidiyo da ya shahara, na gasar Evo ta 2004 a Amurka, Daigo Umehara na Japan da Justin Wong a Street Fighter III. Jinin Daigo saura ɗigo, Justin ya sako masa babban hari na Chun-Li, jarumar da yake wasa da ita, Daigo ya tare bugu 15 ɗaya bayan ɗaya ya juya ya cinye. In ka kalla, abin da za ka tuna shi ne yadda ɗakin ya fashe da ihu, ba wani dogon bayani ba. Akwai lokacin da mai makirfo ya kamata ya ja baya ya bar jama'a.

Abu ɗaya kuma da ba a faɗa ba, wasannin nan ba sa zama wuri ɗaya. Dokar satar gida ta ƙwallo da ka koya kana yaro da ita za ka tsufa, ɗan gyara kaɗan ake mata. League of Legends kuwa kusan duk mako biyu sai an taɓa shi, ga jarumai sama da 160. Free Fire ma in aka sabunta sai ka ga bindigar da ake tsoro jiya ta zama sanda. Mai sharhin da ya yi wata uku bai buga ba zai zo yana yabon abin da yara suka riga suka yar.

BaƙonMafara:
Wannan ya faru da mu a 2021 lokacin da aka rufe sabis a jihar nan tun daga watan Satumba. Mu na wajen Gusau mun daɗe ba mu leƙa ba, da muka dawo wasan ya canza kamar an kai ka baƙon gari. A lokacin ne ma kowa ya koma ƙwallon PS don ita ba ta son data.

Abba_Gola:
Kuma ƙwallon ma tana da nata. Wasan yana zuwa da mai sharhinsa a ciki, Peter Drury a PES, Martin Tyler a tsohuwar FIFA, in ba ka kashe shi a saiti ba sai ku yi ta karo da Bature. Sannan minti 90 an matse shi cikin minti 10, ba ka da lokacin ba da labari, kana fara "wannan yaron bara a gasar sallah" an riga an ci biyu. Ga rikicin suna, za ka ce Mbappé ya ci ko za ka ce yaron da ke riƙe da hannun ya ci? Ni na taɓa yin wasa guda ina ta yabon Madrid, mai wasan ya ce min malam ni na zo gasa ba Madrid ba.

Ɗan_Kabi:
Yaron ya hi ka gaskiya. Musa'id Aldossary na Saudiyya da yac ci kohin duniya na gem ɗin FIFA a Landan 2018, sunanai duniya ta riƙe, ba wanda ka tuna wane ɗan ƙwallo na cikin allo yas sa ƙwallon.

UmmuHanif:
Ni uwa ce, ɗana yana cikin masu zuwa irin gasar nan shi ya sa na shigo. Tambaya ɗaya gare ni, ana biyan mai sharhin kuwa? Don na ga ana ta lissafa masa aiki, ya san suna, ya san wasa, ya tsare harshe, ya riƙe kyamara.

Dan_TudunWada:
Mama lemo ɗaya da ruwan leda biyu anka ba ni, sai kuɗin mashin. Awa biyar ina magana, ran Lahadi ko sallama ban iya amsawa, sai da anka dafa min citta da kanumfari da zuma.

UmmuHanif:
Allah ya kyauta. To kai ma ka je ka sami yaron nan har gida ka ba shi haƙuri, ko laifinka ne ko ba naka ba bakinka ne ya ja masa. Girma ba ya raguwa da haka.

MaiShagonGem:
Mama ba rowa ba ce, kuɗin shiga da ake tarawa rabi kyauta ne rabi mai da hayar majigi. Can Riyadh a 2024 sun raba sama da dala miliyan 60 a gasar duniya ta wasannin gem, gasar Free Fire ta Singafo a 2021 mutum sama da miliyan 5 suka kalla lokaci guda, masu talla ke biya. Mu wa zai ba mu talla? Mai shayin bakin layi ne kaɗai ya taɓa cewa a ambaci sunansa ya ba mu burodi.

Yar_Gusau:
Ai ko shi ɗin a karɓa hhh. Ni da za a yarda da na gwada sharhin, ina buga Call of Duty tun 2019 kuma na fi da yawan masu surutun nan sanin taswira. Amma kun san halin mutanenmu, mace ta ɗau makirfo gaban maza sai a bar wasan a koma kanta. Sai dai in daga gida, murya kawai.

Kawu_Injiniya:
Daga gida kuwa shi ya fi dacewa da maganar da aka faro. In kina gida, 'yan wasa suna wani wuri, an sa jinkiri, babu wanda zai ji ki ya juya. Abin da zai dame ki sabis ne kawai, in ya yi rauni murya ta riga hoto ko hoto ya riga murya.

Zakin_Kaura:
Duk an zagaya an zagaya amma ba a amsa mutumin ba. Ni ina nan kan bakana, kashi 70 nashi ne.

Abba_Gola:
Ni kuma na ce na mai lasifika ne. Kuma su biyun da suka juyo fa? Ba wanda ya ce komai a kansu. In da amana ai sai su ce mun ji, a sake.

Zakin_Kaura:
Wa zai ji an ce ga mutum bayanka ya ƙi juyawa? Kai za ka ƙi?

Dan_TudunWada:
Mama na ji, in sha Allah gobe bayan la'asar zan je, na samu wanda ya san gidansu. @Sankiran_Zamani akwai wata da ake shirin yi bayan sallah, in an sake kirana ko za ka zo mu yi mu biyu, kai kirari ni bin wasa? @MaiShagonGem kuma in kana da makirfo na biyu ka ara mana, nawa igiyarshi ta fara katsewa.

Sankiran_Zamani:
In za a juya lasifikar ta kalli titi a rage ƙarar bindiga kamar yadda Malam ya ce, kuma a ba ni sunayen yaran da unguwanninsu tun ran Alhamis, zan zo. Amma ni Free Fire ɗin ban iya ba fa, gulun nan da kuke ta faɗi har yanzu ban gane mene ne ba.

MaiShagonGem:
Makirfo akwai amma batir naku.